Na Ce "An Gama" Kafin Kawu Ya Zaro Takardarsa

Umm Rakan, don girman Allah ki ba ni shawara, kuma kada ki bar wasiƙar nan ta kwana a kan teburinki, domin an yi ruwa a hamadar Nafud kwana goma sha biyu da suka wuce, ni kuwa tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Matata Hissa ce mai karanta filin nan naki, takan karanto mini wasiƙun mutane muna karin kumallo, ni kuma ina dariya ina cewa wasu dai ba su da aikin yi. To yau ga ni a layinsu. Ki yi haƙuri in maganar ta yi ta karkacewa, hannuna ya fi sabawa da ƙarfe a kan alƙalami.

Ni maƙeri ne a unguwar masu sana'a ta garin Ha'il. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ƙera ɗakin kwana na bayan a-kori-kura, irin wanda rufinsa ke kwanciya idan ana tafiya, in an yada zango a tura shi sama ya zama ɗaki. Masu fita daji lokacin sanyi su ne mutanena. Ban tara abin duniya ba, amma akwai abu guda da nake tinƙaho da shi: babu motar da ta fita daga shagona aka taɓa janyo ta a kife.

Makonni biyar da suka wuce, da hantsi, Kawu Mutlak ya shigo shagon. Yayan mahaifiyata ne, shekararsa saba'in da biyu. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara tara da mahaifina ya rasu, kuma shi ya koya mini tuƙi cikin yashi, da dundu da zagi da komai. A tsawon rayuwata ko allura bai taɓa roƙona ba. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo dabino, na zuba gahawa na miƙa masa. Ya karɓa da hannun dama, ya dubi finjalin, sai ya ajiye shi a ƙasa bai kurɓa ba. Kin san abin da hakan ke nufi a wurinmu: baƙo ya zo da buƙata, ba zai sha ba sai mai gida ya ɗauki alkawari. Mai hankali tambaya yake fara yi, ya ce a faɗi buƙatar, in tana cikin ikonsa an yi. Ni kuwa da na ga finjalin wannan dattijo a ƙasan shagona yana hucewa, a gaban abokin aikina Usta Shafik da wasu mutum biyu da suka kawo gyara, sai kaina ya ɗauki zafi. Na ce, "Sha gahawarka, Kawu. An gama."

Ya ɗauka ya shanye, ya miƙo mini finjalin, sannan ya ce, "So nake in kai Wadha ta ga Nafud ya yi kore." Daga nan ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda.

Inna Wadha matarsa ce, shekararsu arba'in da tara tare. A cikin tanti aka haife ta, can bayan garin Jubba, kusa da rijiyar danginta. Shekara huɗu ke nan rabonta da daji, tun da asma ta kama ta, gwiwoyinta kuma suka ƙi. Likita ya hana ta sanyi da ƙura. Duk ranar da hadari ya haɗu takan sa a fitar mata da kujera bakin ƙofa, ta zauna tana shaƙar iska. Bara da aka yi ruwa mai kyau 'ya'yanta suka riƙa nuna mata hotunan furanni a waya, ta ce su ɗauke mata, hoto ba ya ƙamshi. Don haka da na ji buƙatar Kawu har wani daɗi na ji, na ce a raina wannan ai aikina ne.

Sai na buɗe takardar. A bayan kalanda ya zana abinsa da biro, awon ma da kamu da taƙi ya sa. Bango yake so mai ƙarfi daga ƙasa har sama, kada a sa tamfol ko na tafin hannu. Tsayi yadda namiji zai miƙe ya yi salla, kuma rufin a tsaye dindindin, ba ya son abin da sai an ɗaga. Ciki a lulluɓe da katako, don Inna ba ta son warin ƙarfe. Gadonta na gida za a saka, ba katifar soso ba. Tankin ruwa na lita ɗari biyu a bisa rufi, domin shi bai yarda da injin tura ruwa ba, wai ruwa daga sama yake saukowa tun da Allah ya halicce shi. Kusurwa ɗaya kuma ta kaskon gawayi ce. Duk wannan a bayan tsohuwar motarsa mai ƙofa biyu. Kuma ba bakin kwalta za su tsaya ba kamar 'yan birni, rijiyar nan za su, tafiyar awa huɗu cikin tuddan yashi. Usta Shafik ya leƙo ta kafaɗata ya gani, bayan Kawu ya fita ya ce wannan ba ɗaki ba ne, hasumiya ce, saura lasifika a fara kiran salla. Ban yi dariya ba.

Bari in ɗan yi miki bayani, don ki gane ba taurin kai nake ba. Ba don ado aka ƙirƙiro rufi mai kwanciya ba. Mota a cikin yashi ba a miƙe take tafiya ba, kullum tana karkace a gefen wani tudu, kuma abin da ke hana ta wuntsilawa shi ne nauyinta yana ƙasa-ƙasa. Duk kilon da ka ɗora sama da kan direba, ka taimaki gangare ne a kan kanka. Motar Kawu, ɗan ƙarfen da ke jikin ƙofarta ya ce kilo ɗari tara take ɗauka har da mutanen ciki. Na lissafa zanensa sau shida, sau shida yana haura dubu da ɗari, ba a sa tukunyar gas ba, ba a sa buhun shinkafa ba, shi da Inna ba su shiga ba. Wannan ma da sauƙi. Ruwan kan rufi shi ne abin tsoro, musamman in tankin ya yi rabi. Motar ta karkata hagu, ruwan ya ruga hagu gaba ɗaya, daidai lokacin da direba ke neman dawo da ita dama.

Amma kuma Kawu ba wawa ba ne, abin da ke hana ni sukuni ke nan. Duk abin da ya zana yana da dalili. Tamfol sanyi ne da shi, wannan gaskiya ce, ko na ninka shi biyu na cusa soso a tsakani. In iskar arewa ta taso yakan yi ta kaɗawa, ƙura kuma tana bi ta zif. Mu masu lafiya mukan ja bargo mu yi dariya, mai asma fa? Ɗakin da na fi ƙerawa, rufinsa kamar murfin akwati yake, gaba a riƙe, baya ke ɗagawa. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya zai buɗe shi kafin shayi ya tafasa, iska ma in ka juya mata gaban motar sai ta bi ta kansa ta wuce. Sai dai gadon yana can sama, sai an taka an hau. Matar da ke shan wahala kafin ta hau dakalin ƙofar gidanta, ina za ta hau wannan? Kuma a baya kawai ake iya miƙewa tsaye.

Akwai wanda rufinsa ke tashi gaba ɗaya, kusurwa huɗu. Wannan ɗaki ne sosai, a tsaya ko'ina, a sa gado a ƙasa. To amma tamfol ya zagaye shi ke nan, sanyi ta kowane gefe, ga ƙarafan ɗagawa huɗu da yashi ke son shiga, in ɗaya ya cije a tsakiyar daji dattijo mai shekara saba'in da biyu ne zai yi kokawa da shi. Na uku shi ne bango mai ƙarfi da ke naɗewa ciki. Yana da ɗumi, ba ya ƙara, amma nauyinsa ya kusa na hasumiyar Kawu. Sau biyu na taɓa yin sa, na biyun ya dawo mini sau uku saboda mahaɗansa, na rantse ba zan ƙara ba. Ko ta ina na juya, abin da zai kare mata ƙirji shi zai ƙara wa motar nauyin da zai kifar da ita, abin da zai hana motar kifewa kuma shi zai bar ta cikin sanyi.

Kuma na san yadda kifewar take, ba labari aka ba ni ba. Shekara biyu da suka wuce aka kira ni in taya janyo wata mota a gabashin Jubba, ba aikina ba ce. Gangaren ma ba wani babba ba ne, irin wanda ake zama a gefensa a sha shayi. Ɗakin ya tarwatse, tukwane da barguna sun watsu har ƙasan tudu. Mai motar ya rayu, amma hannunsa na dama har yau a rataye yake, kuma saurayi ne mai ƙarfi. Ita Inna ko tari ta yi mai ƙarfi sai haƙarƙarinta ya yi kwana uku yana ciwo.

Na gwada gaya wa Kawu. Wata Juma'a na je gidan bayan an sauko daga masallaci, na fara kewaye-kewaye, ina maganar nauyi da tsayi. Ya bar ni na gama, sannan ya ba ni labarin da na ji ya fi sau hamsin, yadda ya ɗauko taguwa mai ciki a bayan mota ya ratsa Nafud da ita tun ban san dama da hagu ba. Na ce masa ai taguwa a durƙushe take, an ɗaure ta, nauyinta yana kan tayoyi, ba a kan rufi take tsaye ba. Ya yi mini irin kallon nan da yake mini ina yaro in na kashe mota a kan tudu, ya ce, "Ɗan 'yar'uwata, ka ce an gama ko ba ka ce ba?" Na ce na ce. Ya ce a kawo abinci. Kabsar ranar, wato shinkafa da nama, ban san ɗanɗanonta ba. Daga baya na ji ashe ya riga ya faɗa a majalisarsu, dattawan unguwa duk sun san ɗan 'yar'uwar Mutlak ya ce an gama, har wani ya tare ni a gidan mai yana sa mini albarka.

Tun daga nan nake kai-kawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Na yanke ƙarafan ƙasa na haɗa, domin su ko wane iri za a yi ɗaya ne, daga nan na tsaya. Kullum sai in zagaya motar da tef ɗin awo, in auna abin da na auna jiya, in zana, in yage. Aikin mutane ya taru ban taɓa ba. In shiga gida in fito, in zauna cin abinci in miƙe da loma a hannu. Hissa ta ce ko labulen ɗaki na kalla gani take ina lissafin nauyinsa. Kawu kuma kullum da safe sai ya kira. Ba ya tambayar aikin, sai dai ya ce an ce wuri kaza ya fara tsiro, wuri kaza ruwa ya kwanta, ya kashe waya.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na yi tunanin yaudararsa. In yi bangon da siririn alminiyam da soso, in manna masa fallen katako ya yi kamar na gaske, in ɗora tanki marar komai a sama, na gaskiyar in ɓoye shi a ƙasa da ɗan injinsa. Zan iya, ba wanda zai gane sai ya sa hannu. Amma tsayin yana nan, kuma Kawu mutum ne da sai ya hau ya cika tankinsa da kansa. Na kuma yi tunanin jan ƙafa, yau babu kaya, gobe Usta ba shi da lafiya, har ciyawa ta bushe. In za a faɗi gaskiya wannan nake yi yanzu, kuma kunyar kaina nake ji. In kuwa na fito fili na ce ba zan yi ba, na karya magana a gaban shaidu, a garin da har yau ana nuna mutum a ce kakansa ne ya bar finjalin baƙo ya huce. Ba ma wannan ba, a layinmu akwai shagon da zai ƙera masa hasumiyar nan cikin kwana goma ba tare da tambaya ɗaya ba. In ya tafi can na rasa kawuna, kuma motar dai za ta shiga yashi.

Hissa ta ce in je in faɗa masa gaskiya tsirararta, wai rai ya fi magana. Ita da sauƙi a bakinta, ba ita ya ciyar ya tufatar ba. Ina jin haushin Kawu, Allah ya yafe mini, domin ya san halina, ya san ba zan iya kallon finjalinsa a ƙasa ba, shi ya sa ya biyo ta nan. Ina jin haushin kaina fiye da haka. Kuma ban sani ba ko tsoron da nake ji duk na Inna ne, ko akwai na sunan shagona a ciki. Shekaranjiya Inna ta aiko mini da kwanon biskit ɗin kilaija mai dabino da ta gasa da hannunta, da saƙon cewa ta gama ɗinka labulen tagogi, in aika mata da awon ƙofa. Kwanon yana nan a kan teburin shago ban iya buɗewa ba.

Koren Nafud ba ya jira, in ya daɗe ya yi wata ɗaya da rabi, kuma ba wanda ya san ko baɗi za a yi ruwa, ko Inna za ta ga baɗin. Umm Rakan, in cika maganata in ƙera abin da na san zai iya kashe su, ko in karya ta in zama abin nuni? In akwai hanya ta uku, idona ya rufe ban gan ta ba.

Maƙeri mai saurin baki, Ha'il

Amsa

Ɗana mai saurin baki, Allah ya kwantar maka da hankali. Ajiye tef ɗin nan ka zauna, lissafin ba zai canja ba ko ka yi na bakwai.

Zan fara da abin da ba ya buƙatar shawara. Kada ka ƙera abin da ke kan takardar nan. Ni ban san walda ba, amma kai ka sani, ka lissafa sau shida, ka kuma ga hannun saurayin nan da idonka. Wanda ya san abu zai iya kisa ya yi shi don kada a yi da shi a majalisa, ba cika alkawari ya yi ba. Tankin bogi ma ka manta da shi. Ranar da kawunka ya gano, zai gane ba ƙin umarninsa kaɗai ka yi ba, ka mayar da shi tsohon da ake ruɗa, kuma wannan ya fi a'a ciwo. Jan ƙafa kuwa shi ne mafi muni, domin kai da kawunka za ku fita da mutuncinku, Inna Wadha ce za ta rasa koren da take jira.

Amma ba zan bi bayan Hissa in ce magana ba komai ba ce. Gaishe ta, tana da rabin gaskiya. Ni ma a gidan da ake ajiye finjali na tashi, na ga rigingimun da al'adar nan ta kashe da zumuncin da ta ɗinke. Mutumin da bai taɓa roƙon allura ba, ranar da ya sauke kansa ya ajiye finjali a shagon yaron da ya riƙe, ba ƙaramin abu ya yi ba. Kai gani kake tarko ya ɗana maka. Ni gani nake tsoho ne da tsoro ya kama, yana kallon matarsa ta shekara arba'in da tara zaune a bakin ƙofa, bai iya faɗin tsoronsa da baki ba, sai ya zana bango mai kauri. Kai gangare kake tsoro, shi sanyi, kuma duk a kan mace ɗaya ne.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka da kanka. Me ya ce bayan ya shanye gahawar? Cewa ya yi so yake ya kai Wadha ta ga Nafud ya yi kore. Buƙatar ke nan, a gaban mutum uku ya faɗe ta, ita ka ɗauka. Takarda daga baya ta fito. Ba wayo nake koya maka ba. Dattawan da suka san al'adar nan sun san mai buƙata abin da yake so yake faɗa, yadda za a yi kuwa na wanda ya ɗauki nauyi ne. Alkawarinka yana nan daram, kuma bai cika ba sai Inna ta taka ciyawar nan ta dawo gida lafiya. Ka ga ke nan abin da ya hau kanka ya wuce ƙera ɗaki.

Da ni ce kai, wurin Inna zan fara zuwa, ba wurin Kawu ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu ban ga inda wani ya tambaye ta ba. Kuna ta ja-in-ja a kan ƙirjinta da gwiwoyinta, ita tana can tana ɗinka labule. Kai mata awon ƙofar da ta nema, tafi da Hissa, ka tambaye ta kwana nawa take so ta yi, me take tsoro, me ba za ta iya rabuwa da shi ba. Matar da aka haifa a tanti, ina shakkar ita ce ta ce kada a sa tamfol. Wataƙila na yi kuskure. Amma in ta ce ɗakin da iska ke motsawa take marmari, rabin takardar ya faɗi, kuma ba daga bakinka ba. A kuma koma wurin likitanta da tambaya takamaimai: kwana biyu, a ɗaki mai ɗumi, magungunanta a kusa, ya yarda ko bai yarda ba? In bai yarda ba, sai a yi tafiyar yini, a tsaya inda kore ya fi kusa.

Sa'an nan ka daina yi wa kawunka bayani da baki. Mutumin da ya ratsa Nafud da taguwa ba zai karɓi lissafi daga wanda ya koya wa tuƙi ba, amma zai karɓa daga sitiyari. Ka ce ƙarafan ƙasa a haɗe suke. Ɗora musu buhunan yashi, ka ɗaure durom rabi da ruwa a sama, ku fita ku biyu kawai, ba Usta, ba 'yan kallo. Zaɓi ɗan gangare mai sauƙi da ka tabbatar ba zai kayar ba, ku ɗaura bel, ka ba shi makulli ya bi a hankali. Daga nan a sauke durom ɗin ƙasa ya sake bi ta wurin. Hannunsa zai gaya masa abin da ka yi makonni biyar kana son faɗa. Kada ka ce masa "ka gani ko". Bar shi ya zama shi ya gano, har ya je majalisa ya ce shi ya hana ka ɗora tanki a sama, kai kuma ka amsa da to.

Kada kuma ka je masa da a'a hannu rabbana, je da naka zanen. Ka fi ni sanin sana'arka, amma daga abin da ka rubuta, mai tashi kusurwa huɗu da gado a ƙasa shi ya fi kusa, tamfol ninki biyu, ruwa a ƙasa, katako a inda hannunta da idonta za su taɓa kawai. Tsayin salla kuwa, ai in rufin ya tashi ya samu. Duk abin da za ka iya bar masa daga takardarsa, bar masa. Ban da kaskon gawayi. Wannan ko a hasumiya ko a tanti kada ya kwana a rufaffen ɗaki, balle da mai asma, babu gardama a nan. Akwai hitar ɗumama ɗaki da hayaƙinta ke fita waje, ka san ta.

Abin da ya rage, ƙarafan da kake tsoron su cije, da ruwan da ya yi yawa, da gadon gida in ta nace, maganinsu ɗaya ne, kuma na yi mamakin ba ka gan shi ba: mota ta biyu. Rufe shagon kwana uku ka bi su. Ka ɗauki ruwan da gas da duk kayan nauyi, ka ɗaga musu rufi, ka kafa tantinka ɗan nesa ka ba su wuri. Kada ka ce mini aikin mutane ya taru, makonni biyar ka yi kana zagaya mota ɗaya. Dattijo mai shekara saba'in da biyu da mara lafiya bai kamata su yi tafiyar awa huɗu cikin yashi su kaɗai ba, komai kyan abin da aka ƙera musu.

Wasu za su ce ka je gidansa kai ma ka ajiye finjalinka. Ban ba ka wannan shawarar ba. Ka ɗaure shi ke nan a gaban iyalinsa kamar yadda kake kukan an ɗaure ka, kuma ko ya amsa zai riƙe abin a ransa. Tambayarka kuwa ko tsoron na Inna ne ko na sunan shago, duka biyun ne, kuma ba laifi. Sunan da aka samu da hana motoci kifewa ya cancanci a ji tsoron ɓata shi.

Saura mai ɗaci. Yana yiwuwa ka yi duk wannan ya ƙi, ya ce takardarsa ko ba komai. In haka ta faru, faɗa masa ido da ido, daga kai sai shi, cewa ka ɗauki alkawarin kai Inna daji kuma kana nan a kansa yau ko gobe, amma hannunka ba zai haɗa wancan ba. Ka nuna wa babban ɗansa lissafin, don kada wani shagon ya karɓi aikin 'ya'yansa ba su sani ba. Za a yi magana a majalisa, wata ɗaya, wata biyu, sai wani labarin ya zo. Shi ma zai yi fushi, wataƙila ka je gaisuwar salla ya kau da kai. Ka jure, ka koma wata sallar ka sake gaishe shi. Kawun da ke kau da kai yana da rai, kuma matarsa tana ɗaki tana jin sallamarka.

Tashi ka je gidan yau, kada ka bari sai Juma'a. Allah ya ba Inna Wadha lafiya, ya nuna mata abin da take marmari, ya kai ku ya dawo da ku gaba ɗayanku.

Umm Rakan